Ni na zaunar da matata

Salamu alaikum Malama mai shiri, da masu saurare. Ni dillalin shanu ne a Guéma, nan Parakou. Ku bar sunana, 'yan kara sun san muryata ko a takarda.

Matata wagashi, wato cuku, take sayarwa, da ƙafa take zaga unguwar Albarika kullum. Bara ta yi ɓari, cikin wata uku. Ranar da muka dawo gida daga asibiti bakina ya riga hankalina, na ce mata, "Yawonki ne ya zubar da shi." Na ƙwace tiren tallarta, na hana ta ko shara. Unguwa ma sai kan zem, babur ɗin haya.

Wata tara tana zaune. Jiki ya yi nauyi, al'ada ta rikice, ciki shiru. Da muka je a duba lafiyarta a Djougou, wajen iyayenta, ungozomar asibiti ta dube ni ta ce, "Alhaji, kai da ke sayen sa sai ka ga tafiyarsa, ka taɓa ganin turke ya ƙara wa dabba lafiya?" Ta ce tafiya ba ta jawo ɓarin ba, matata ta riƙa takawa daidai ƙarfinta, ban da kaya masu nauyi.

Ni na ji, ita ta ƙi. Ko ƙofar gida na ce mu taka, sai ta ce, "In sake kashe wani?"

Don Allah, matan da suka yi ɓari suka haihu bayansa, ku bugo waya. Tana sauraren shirin nan. Maganata ta farko kaɗai ta yarda da ita.