Baiti na Biyu

A tashar jirgin ƙasa ta Iskandariyya, wani dattijo mai carbi ya ƙura wa rigar wata budurwa ido.

"'Yata, kin san ma'anar X da O ɗin nan na rigarki? Sumba da runguma! Ba kya jin kunya?"

"Sunan waƙa ne kawai, Baba Alhaji."

"Na sani. Waƙar banza! Har mawaƙin cewa yake a turo masa su ta waya, a baiti na biyu."

"Na uku dai."

"Na biyu! Daidai inda ganga ke tsayawa, sarewa ta shigo, sai ya ce..." Dattijo ya kama rerawa, carbi na lilo.

Sai da ya kai aya ta yi murmushi.

"Gaskiyarka, Baba, na biyu ne. Ni ko amshin ban haddace ba."