Auren Mangwaro

A bencin tasha, shugabar ƙungiyar masu lambu ta unguwa tana jiran mota. Wani dattijo ya zauna gefenta, yana hararar ledojin da ke ƙasa.

"Mutane ba sa ji, Hajiya. Leda ko'ina! Jiya har a jikin 'yan mangwaron bakin makaranta na gan ta, an naɗe kowanne kamar mai karaya."

Ta juyo da sauri. "Sai ka yi yaya, Baba?"

"Na bi su da reza mana! Guda arba'in. Har wasu 'yan tsinkaye na zubowa."

"Tsinkaye? Baba, aure muka yi musu! Reshen mai zaƙi muke haɗawa da na gida, mu ɗaure da leda har su kama. Yau kwana tara!"

"Ku wa?"

"Ƙungiyarmu. Kowane ɗan makaranta da bishiyarsa, har suna ya sa mata."

"To ai sai ku rubuta! Wa ya taɓa ɗaura aure ba sanarwa?"

"Kai wa ya taɓa raba aure bai tambayi dalili ba?"

Dattijon ya murza gemu. "Jikata tun safe take kuka, wai an kashe mata 'Yar Gata. Na rantse mata sai na kamo wanda ya yi."

Mota ta iso. Shugabar ta miƙe, ta dube shi.

"Ai ka kama shi, Baba. Ranar Asabar ka kawo mana shi da rezarsa, akwai aure arba'in da zai mayar."