Wayar Kulle Keke

A rumfar mai kayan keke, wani magidanci yana zaɓar wayoyin kulle keke guda huɗu, fuska a murtuke. Wata dattijuwa da ke jiran a yi wa keken jikanta faci ta dube shi.

"Ɗana, wannan siririyar abar za ka saya?"

"Da irinta muke kullewa in mun fita da iyali, Mama. Keken 'yata aka sace. Ta rantse ta kulle, amma ba keke ba waya. Abin da aka kulle tashi sama yake yi? Tun ranar ban yi mata magana ba. Asara da sauƙi, ƙarya ce ba na ɗauka."

"Mai shago, ara mini filaya."

Ta ɗauki waya ɗaya daga cikin waɗanda ya zaɓa, ta datse ta sau ɗaya, ƙat, ta rabu biyu.

"Ni tsohuwa ke nan. Ɓarawo kuwa aljihu zai jefa guntayen ya wuce."

Mutumin ya daɗe yana kallonsu, sannan ya sauke ajiyar zuciya.

"Ashe gaskiya yarinyar nan ta faɗa. Alhamdu lillahi! Mai shago, ba ni sarƙa mai kauri da kwaɗo, huɗu. Yankakkiyar ma sa mini, 'yar tawa zan kai wa."

"Ka haɗa da ban haƙuri. Shi ba a sayar da shi a nan."