Kuɗin Tsarabar Tomie-san

Mai girma shugabar ƙungiyar dattawan unguwarmu, Shimazaki-san. Malamin haikalinmu, wanda ya ja mana addu'ar safiyar yau. Mai girma mai unguwa. Noboru-kun, ɗan marigayiya, da ka taso daga Osaka kai da iyalinka. 'Yan'uwana tsofaffi maza da mata, da waɗanda muka hau jirgin nan tare, da waɗanda suka raka mu bakin ruwa suna ɗaga mana hannu: ina yi muku sannu da zuwa, ina kuma yi muku sannu da haƙuri.

Ina gode wa shugaba da ta ba ni wannan dama, ina gode wa matan da suka dafa mana shayi. Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Kuwahara Shozo, kuma shekara tara ke nan ni nake shirya wa ƙungiyar nan tafiye-tafiyenta.

Yau kwana arba'in da tara da rasuwar Hatanaka Tomie-san. An nemi in yi wa masu niyyar tafiyar baɗi bayanin yadda kuɗin kashewa na cikin jirgin yawon shaƙatawa yake aiki, kuma zan yi. Amma ba shi kaɗai ya tsayar da ni ba. Akwai mace a unguwar nan, Nagamine Fusako-san, wadda ta kwana ɗaki ɗaya da marigayiya a jirgi, kuma tun da muka dawo ake cin namanta. Ana cewa ta bar ƙawarta kwance da yunwa ta tafi cika cikinta. Na zo in wanke ta, don na san abin da ba ku sani ba.

Abu na farko, kuɗin nan ba kuɗi ba ne da za ka riƙe a hannu. Kamfanin jirgi ne yake rubuta wa kowane fasinja wani adadi a asusunsa, kyauta, don ya ja ra'ayinsa. Namu yen dubu ashirin ne kowa. Da shi za ka sayi kaya a kantin jirgi, ko giya, ko hoto, ko tausa. In ka wuce adadin, bankinka za a bi. In ka rage, ranar da jirgi ya dawo gida saura ya mutu, ko yen ɗaya ba za a miƙo maka ba.

Abu na biyu, kuma a nan maganar take, kati ɗaya ne ake ba ka, amma aikinsa uku ne. Shi ne makullin ɗakinka, shi ne shaidarka in za ka sauka ko ka hau, shi ne kuma jakar kuɗinka. Abincin babban ɗakin cin abinci, safe da rana da yamma, an riga an biya shi cikin kuɗin tikiti. Yaran da ke ƙofa suna ɗora katinka a na'ura ne don su san teburinka kawai. Na'urar za ta yi ƙara, amma ba ta cire komai. Ku ji ni da kyau: ba ta cire komai.

Wannan bayanin da na yi muku yanzu cikin minti ɗaya, shi ne ban yi ba a watan huɗu, a taronmu na kafin tafiya. A zauren nan na tsaya, a daidai wurin nan. Kun san bara Sakichi-san ya mayar da mashayar jirgi gidan ubansa, ya dawo da takardar bashi mai tsawon hannu, matarsa ta hana shi kuɗin taba wata uku. Sai na ɗaga kati na ce: "Jama'a, duk inda kuka miƙa wannan abu kuka ji ya yi kuka, to, aljihunku ne ya yi kuka. Kada mu sake samun Sakichi na biyu." Kuka yi dariya, ni ma na ji daɗin kaina. Tomie-san ba ta yi dariya ba, rubutawa take yi a ɗan littafinta.

Abu na uku ya shafe mu duka. Gida goma sha ɗaya ne suka kai mata ambulan na guzuri, kamar yadda muka saba yi wa mai tafiya. Kun san wanda ya karɓi guzuri ba ya dawowa hannu wofi, sai da tsarabar kowane gida. Abin da ba ku sani ba, da kuɗin ambulan ɗin nan ta cike kuɗin tikitinta, don ba ta so ta roƙi ɗanta. Ta dogara da dubu ashirin ɗin kamfani ne ta sayi tsaraba a kantin jirgi ranar ƙarshe, ta fita kunyarku.

Ranar farko muka je cin abincin rana, yarinyar ƙofa ta karɓi katinta, na'ura ta yi ƙara. Daga ranar ba ta sake taka ɗakin ba. Ta ce jirin teku ke damunta. Macen da ta yi shekara arba'in a kwalekwalen mijinta tana jan ciyawar teku cikin sanyin hunturu, ita ce ta ce teku na sa ta jiri, mu kuwa muka yarda. Gasasshen biskit na shinkafa da ta zo da shi daga gida take ci, tana kuma shan maganin ciwon sukarinta a kan lokaci, ba fashi.

Fusako-san ba ta yarda ba. Ta naɗo mata burodi a hankici, Tomie-san ta ce: "Mayar musu, Fusa-chan, a kanki za su rubuta shi." Ta ce za ta kira likitan jirgi, Tomie-san ta ce: "In kika kira shi, ni da ke har abada. Da wane ido zan kalli mutanen layinmu?" Gaskiya ne likitan jirgi kuɗi yake karɓa, amma inshorar da muka biya tun a gida ita za ta mayar. Wannan ma ban faɗa ba.

Rana ta huɗu da la'asar Fusako-san ta same ni a saman jirgi, muna wasan karta da abokai. Ta ce: "Shozo-san, taso ka yi wa Tomi-chan magana. Kati take tsoro, ba teku ba. Maganarka kawai za ta ji." Ban ko ɗago kai ba. Na ce: "Ku mata da fargaba. Bar ta ta huta, gobe sai ki ga ta cinye tebur." Kartar hannuna tana da kyau a ranar, ina ci, ban so in tashi ba. Iyakar dalilina ke nan, ba ni da wani.

Washegari da safe sukarinta ya faɗi tana kan matakala, ta buga kai. Aka sauke ta a Kagoshima, ta kwana uku a asibiti ba ta farfaɗo ba. Da aka ba ni takardar asusunta na ga dubu ashirin cif, ba a taɓa ba. Jirgi na isa gida suka koma wa kamfani.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Wanda zai gaje ni, don daga yau na sauka, ya zauna da kowane matafiyi shi kaɗai, ya sa shi ya maimaita abin da ke kyauta da abin da ke da kuɗi. Mu kuma mu soke tsarabar dole a tafiyar ƙungiya. Ba na son akwatin alawa da tsohuwa za ta sayo mini da yunwarta.

Noboru-kun, na zauna a gabanka ranar jana'iza na zuba maka shayi, ban faɗa maka ko ɗaya daga cikin wannan ba. Tsoro ne ya hana ni, kuma ina jin kunyar kaina ƙwarai. Ban nemi ka yafe mini yau ba.

Ku kuma sauran, allon sanarwar da muke miƙawa gida gida, sati shida ke nan yana tsallake ƙofar Fusako-san. Ko taron nan ba ta san ana yi ba. Shekaranjiya na je wurinta, na tambaye ta don me ba ta gaya wa kowa cewa ta zo ta same ni a jirgi ba. Ta ce: "Matarka ba ta da lafiya, Shozo-san, maƙwabta ne ke taya ka jinyarta. In suka juya muku baya, wa zai shigo? Ni kuwa ni kaɗai ce, zan iya." Ta rufa mini asiri kwana arba'in da tara, ni kuma ina ji ana zaginta, na yi shiru.

Ina sauka daga nan gidanta zan nufa, in durƙusa a bakin ƙofa. Duk wanda ya san bakinsa ya taɓa ta, hanyar ta ishe mu.

Buda mai jinƙai ya karɓi Tomie-san, ya sada ta da mijinta cikin salama. Ya sanyaya zuciyar ɗanta da jikokinta, ya saka wa Fusako-san da abin da mu muka kasa ba ta. Ya mayar da baƙinmu gidajensu lafiya, ya tsare tsofaffinmu a tudu da kan ruwa.

Kun saurare ni fiye da yadda na cancanta. Na gode.