Turakun Ejvind

"Muddin ina kan kujerar nan, babu tayar motar da za ta taka yashin yara." Kai ka faɗa, Troels, magajin garinmu, kana riƙe da hannun Ejvind a gadon asibiti. Ina wurin. Matarsa Bodil ma tana wurin.

To, barka da zuwa, magajin gari. Fasto Inger, sannu da ƙoƙari. Bodil, ke da 'ya'ya da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri. Jama'a, sannunku da zuwa taron tunawa da marigayi Ejvind.

Ejvind ya kasance mutumin da ba ya iya zuba ido motoci na ratsa tsakanin yara masu gina gidajen yashi. Duk tsawon gaɓar tekun nan an bar wa motoci, shi ɗan gefe guda ya roƙa mana. Da aka ba shi, da hannunsa ya kafa turaku ya killace wurin. A nan muka samu inda uwa za ta rufe ido ba fargaba.

Ya kasance mai tsokana. Ya taɓa ce mini, "Solvej, ajiye littafin nan, ɗanki na cin yashi."

Na ce, "Ƙyale shi, ya fi girkina daɗi."

Ya ce, "Ai na ɗanɗana, yaron na da gaskiya."

Ko furannin kabarinsa ba su bushe ba aka tumɓuke turakun, wai baƙi na son shan kofi cikin mota suna kallon ruwa. Ranar Lahadi mota ta murƙushe bokitin jikarsa Asta, yarinyar na tsugune a gefe. Direban ya leƙo ya ce, "Ai hanya ce."

Troels, daina kallon takalminka. A bayan turakun nan ka koya wa 'yarka iyo.

Bodil, yafe mini. Kin roƙe ni jawabi mai taushi, na nema ban samu ba.

Mun gode da zuwanku. Allah ya ba Ejvind hutawa, ya tsare mana yaranmu.

Saura kai, Troels. Bikin wutar tsakiyar bazara na tafe, ranar da kake mana jawabi a bakin ruwa kafin a ƙona mutum-mutumin mayya da ake yi da ciyawa. Kafin a kunna wutar nan, turakun su koma ramukansu. In ba su koma ba, bana mayyar mai rai ce: zan karɓe makirufo daga hannunka in maimaita wa gari alkawarinka. Washegari in kafa kujerar da Ejvind ke zama a kai a bakin ruwa a mashigar motoci in zauna. Mai son wucewa ya fara da ni.