Bashin Ƙaramin Emrys

A ɗakin jira na ofishin ba da shawara a Cardiff, wata mata ta dubi tsoho Emrys.

"Baba, kai ma sunanka suka ɓata a rajistar bashi?"

"Har an hana ni hayar ɗaki. Wai na ci bashin mota, ni da ko keke ba na hawa!"

"Ka ce su goge mana."

"Bashin ɗana ne. Sunanmu ɗaya, adireshinmu ɗaya."

"To, ka faɗa musu."

"Kansa za su koma, 'yata. Bai daɗe da fitowa daga asibiti ba."

"Kai kuma ina za ka kwana?"

Aka kira lambarsa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙa wa matar ita.

"Shiga kawai. Ke naki kuskure ne."