Ranar da Aka Zo Yi wa Gwiwata ta Biyu Sakiya

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, iyayena da 'yan'uwana na zumuntar mata. Salamarsa ta zauna a gidajenku.

Sunana Rifkatu, daga wani ƙauye kusa da Sara a ƙasar Gwaram. Maman Pasto ce ta ce in rubuta abin da na faɗa a taronmu, don waɗanda ba su samu zuwa ba su karanta. Wadda zuciyarta ba ta ɗaukar zancen jini da wuta ta yi mini haƙuri. Yadda abin ya faru haka zan faɗe shi.

Ciwon ya fara mini ne bayan na yaye autata. Da safe sai in tashi yatsun hannuwana duka biyu sun ƙage, ba sa lanƙwasuwa sai rana ta ɗaga sosai. Taɓarya ta riƙa suɓuce mini. Guga ya sha kufce mini ya koma rijiya. Ɗaurin zani ma ya zama aiki. Daga nan ya sauka gwiwoyi, suka kumbura suka ɗau zafi. Wata rana autar tawa ta faɗi a tsakar gida, bakinta ya fashe, tana miƙo mini hannu tana kuka, ni kuma ina kan tabarma na kasa tashi. Da jan gindi na isa wurinta. Ranar na yi kukan da ya fi nata.

Gidanmu babban gida ne, gona ɗaya muke nomawa. Maigidana ƙani ne. Wansa, Yaya Iliya, shi ke yanke magana tun rasuwar mahaifinsu, shi kuma abin da Inna mahaifiyarsu ta ce shi yake yi. Inna ta duba gwiwoyina, ta latsa, ta girgiza kai.

"Yarinya ɗanya kamar ke, ina ke ina sanyin ƙashi? Wannan ai na tsofaffi ne. Abu kika taka a hanyar gona. Jifa ne."

'Yan'uwana, mu masu bi ne. Ba ma fashin sujada. Amma da ciwo ya matsa, sai gidanmu ya waiwaya ga abin da kakanni suka saba. Ni da na yi sakandare, ni ma na fara tunanin wace hanya na bi, wa na ɓata wa rai.

Akwai Goggo Dije, Bafulatana, Musulma, rugarsu na bayan gonarmu, ita ke kawo mana nono. Wata ranar ta sauke ƙwaryarta, ko gaisuwar kirki ba ta gama ba ta ce:

"Rifkatu, yau na ji zancenki a bakin malamar asibiti! Na kai jikana rigakafi, sai ta tsayar da mu wai za ta yi mana bayani a kan amosanin gaɓɓai. Ta ce akwai wanda ba ruwansa da tsufa, mata masu goyo ma yana kamawa. Hannu biyu tare, da safe su ƙage. Na ce wallahi wannan matar ta leƙa ɗakin Rifkatu. Ta ce a je babban asibiti da wuri, kafin gaɓar ta lalace. Kuma ta ce kada a tsaga, kada a yi ƙaho, kada a kusanta wuta."

Inna ta ce, "Dije, auna mana nononmu ki kama hanya. Yaushe kika zama likita?"

"Ni ba likita ba ce, Inna. Kunne ne da ni, biyu kuma."

"Su malaman asibitin, madubinsu yana ganin jifa?"

Goggo ta ɗau ƙwaryarta ta tafi tana mita. Na gaya wa maigidana, ya kai maganar gaban wansa. Yaya Iliya ya ce ana tsakiyar noma, babu mai barin gona ya tafi Birnin Kudu ya kwanta jinya, kuma an riga an aika wa wani wanzami daga wajen Dingaya wanda ya shahara da sakiya.

Ga wadda ba ta taɓa gani ba: sakiya ita ce a gasa siririn ƙarfe a wuta har ya yi ja, a soka shi cikin kumburi don abin da ke ciki ya fito.

Ranar da wanzamin ya zo, Yaya Iliya ya tura maigidana gona tun da sassafe. Ya ce ƙanin nasa ba shi da zuciyar kallo. Aka fito da ni gindin darbejiya. Ina kallon mutumin yana fifita gawayi, ƙarfen na ciki, yana juya shi yana hira da Inna a kan tsadar taki. Yaya Iliya ya danne kafaɗuna. Matarsa ta zauna a kan ƙafata ta dama, wani ɗan'uwansu ya murɗe ta hagun ya riƙe. Inna ta tura mini guntun icce a baki.

Wayyo Allah!

Ƙarar na fara ji kafin zafin, irin ta ruwa in ya zuba a kan garwashi. Sai warin babbaka, kuma naman jikina ne. Wanzamin ya danna ƙarfen a gwiwar hagu, ya murza, ya ƙara dannawa, har na ji ƙarfen ya taɓa ƙashi. Na ciji iccen nan har haƙorina ya ɓalle, jini ya cika mini baki. Fitsari ya zubo mini a gaban wan mijina. Ina jin 'ya'yana suna ihu a bayan zana, suna kiran Mama, Mama.

Da ya zare ƙarfen sai wani ruwa mai yauƙi, rawaya-rawaya, ya biyo shi ya gangara ƙaurina. Inna ta rangaɗa guɗa.

"Ga shi nan! Ga dafin! Ina Dije ta zo ta gani?"

Abin da ya ruɗe mu ke nan. Ruwan ya fita, kumburin ya saɓe, washegari har na taka ƙafar na je bakin murhu. Kowa ya ce an ci nasara. Ni kaina na yarda. Da bakina mai ciwo na yi wa Inna godiya.

Ba a yi nisa ba zazzaɓi ya rufe ni. Gwiwar ta koma ta kumbura fiye da da, fatar ta yi baƙi tana sheƙi. Ramin ya fara zubar da mugunya. Wari ya cika ɗakin, ƙudaje suka samu wurin zama, 'ya'yana suka koma tsayawa daga bakin ƙofa suna leƙe. Ko iska ce ta taɓa ƙafar sai na yi ƙara. Aka sake kiran wanzamin. Ya duba, ya ce abin ya tsere ne ya ɓuya a gwiwar dama, daga can yake aiko wa ta hagun da dafi. Sai an bi shi can.

Safiyar da aka sa, ina kwance na ji an tura maigidana gona kamar wancan karon. Ya tsaya a kaina ya daɗe, sannan ya ɗau fartanyarsa ya fita. Can na ji ana fifita gawayi.

Ba ni da ƙafar gudu. Ba ni da hannun da zai rufe ƙofa. Sai na juya fuskata ga bango na ce: Ya Yesu, kai ma an huda ka da ƙarfe, ka san yadda yake. Gwiwa ɗaya sun riga sun cinye. Wannan ita ce ta rage mini in bi 'ya'yana da ita, in durƙusa maka da ita. Ban taɓa ɗaga murya a gidan nan ba, ka sani. Yau ka ba ni baki.

Ban ga haske ba, ban ji wata murya ba. Rawar da jikina ke yi ce kawai ta tsaya.

Suka shigo suka ɗauke ni da tabarmar. Yaya Iliya ya danne kafaɗuna. Inna ta kawo iccen, na kau da kai.

"Buɗe bakin, 'yar nan."

"Inna, ban yarda ba."

"Me kika ce?"

"Na ce ban yarda ba! Cikin sunan Yesu ban yarda ba! Ku sake ni!"

Yaya Iliya ya ce, "Kun ji ko? Abin ne ke magana a bakinta. Ku riƙe ta da kyau." Ya matse mini muƙamuƙi da hannu ɗaya. Na cije shi. Ya kwaɗa mini mari har kunnena ya toshe. Ina ganin ƙarfen yana tahowa, ja wur, har na fara jin hucinsa a fatata. Na tattara abin da ya rage mini na numfashi na ƙwalla kiran maigidana: "Baban Hannatu!"

Sai zanar ƙofar gida ta faɗo.

Ashe maigidana bai kai gona ba. Goggo Dije ce ta tare shi a hanya, ta sauke ƙwaryarta a gabansa ta ce, "Kai yanzu noma za ka je yi ana babbaka uwar 'ya'yanka? In ta mutu dawar ce za ta yi maka renonsu?" Shi ne ya juyo da gudu.

Mutumin da ban taɓa jin ya musa wa wansa ba, ya sa ƙafa ya yi fatali da kaskon wutar. Garwashi ya watsu ko'ina, mata suka tarwatse, wanzamin ya saki ƙarfen ya yi baya. Yaya Iliya ya miƙe ya naushe shi a baki, jini ya wanke masa gaban riga. Suka sarƙe, suka faɗi, suna birgima cikin toka. Inna na ihu tana dukansu da mafici. Can Yaya Iliya ya yi wata irin ƙara da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Damtsensa ne ya sauka a kan ƙarfen.

Maigidana ya tashi, ya tofar da jini, ya durƙusa ya goya ni kamar jaririya. Yaya Iliya na riƙe da hannunsa ya ce, "In ka fita da ita, kada ka dawo mini gida."

Ya ce, "To, Yaya." Ya fita da ni.

Ɗan Goggo Dije ne ya kai mu bakin titi a babur, daga nan muka samu motar Birnin Kudu. Duk ramin da motar ta faɗa sai na suma na farfaɗo.

A babban asibiti, likita ya buɗe tsumman ya duba gwiwar. Ya ce mugunya ta shiga cikin gaɓar, da mun ƙara jinkiri sai dai a yanke ƙafar, ko kuma ta bi jini ta kashe ni. Suka shiga da ni tiyata suka wanke ta. Da na samu sauƙi na tambaye shi ruwan nan da ya fita. Ya ce ba dafi ba ne. Ruwan gaɓa ne, kowa na da shi, shi ke sa ƙashi ba ya gugar ƙashi, ciwon ne ya sa ya yi yawa. Ramin da aka huda kuma ya zama ƙofar da ƙazanta ta shiga. Abin da Inna ta yi wa guɗa ke nan, abin da ni kuma na yi wa godiya.

Suka gwada jinina, suka ce irin amosanin nan ne da sojojin jikin mutum ke juyawa su far wa gaɓoɓinsa. Ba su yi mini ƙarya ba. Sun ce ba ya warkewa kwata-kwata, amma ana riƙe shi da magani in ba a yi wasa da sha ba. Suka koya mini motsa yatsu, da tsoma hannu a ruwan ɗumi da safe, da komawa a duba ni a kan lokaci. Gwiwar hagu dai ta sandare. Ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba.

Ina kwance a can, wata rana sai ga Yaya Iliya a bakin ƙofar ɗakin mata, hannunsa a naɗe, ɗaya hannun riƙe da kwanon tuwo. Ya ƙi shigowa. Daga nan inda yake ya ce, "Rifkatu, ni shafata kawai ƙarfen ya yi, har yau ban iya ɗaga fartanya ba. Ke da aka nutsa miki shi..." Na ce, "Yaya, shigo, tuwon zai huce." Ubangiji ne ya ba ni wannan maganar, don ni a raina ba ita na shirya masa ba.

Mun koma gida. Inna har yau takan ce da an bar mutumin ya ƙarasa aikinsa da ba a san abin da zai faru ba. Amma kullum safiya ita ke ɗora mini ruwan ɗumin hannu kafin ta ɗora na kunu, kuma in na makara da shan magani ita ke ƙwala mini kira. Ina ci gaba da yi mata addu'a.

Yanzu ina daka, ina jan ruwa kaɗan-kaɗan, ina yi wa 'ya'yana kitso. Halleluya! Ranar rigakafi kuma nakan bi Goggo Dije zuwa ƙaramin asibiti. In malamar ta gama bayaninta a kan ciwon gaɓɓai, sai ta ce in taso. Ba na dogon jawabi. Zanina nake ɗagawa zuwa gwiwa in nuna musu ramin. Goggo kuma daga baya ta ce, "Ku duba da kyau, ba fenti ba ne."

Iyayena, 'yan'uwana, in gaɓoɓinku sun kumbura, in kuna tashi da safe hannu a ƙage, ku yi addu'a ku kama hanyar asibiti tun da ƙafafunku. Kada wani ya ce muku rashin bangaskiya ne. Allahn da ya ba ni baki a ranar nan, shi ya tsayar da Goggo Dije a kan hanya, shi ya ba likita ilimin. Kada ku bari a kai wuta jikinku ko jikin wani naku. Ku dogara gare shi, yana ji, ko daga kan tabarmar da aka danne ku ne.

Wasu sun tambaye ni me ya sa in ana addu'a a sujada nake miƙe ƙafa ɗaya gefe, in durƙusa da ɗaya. To, yau kun ji. Guda ɗaya na roƙa a bar mini, ya kuwa bar mini ita. Duk ranar da Allah ya tashe ni, a kanta nake sauka in gode masa.

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.